La'adar Labbo

Biyar cikin ɗari, in ji Labbo.
Ya faɗe ta a sanyaye, kamar mai tambayar lafiyar iyali.
Na juya bayan takardar garatuti, na ciro biro.
Shekara talatin da biyar ina koyar da lissafi a Bayan Kara,
ban taɓa haɗuwa da biyar mai nauyin wannan ba.

Fili miliyan huɗu, la'ada dubu ɗari biyu.
Siminti buhu ashirin ke nan
zai hau babur ya bi wani zuwa gidansa,
don kawai ya miƙa yatsa ya ce:
daga turken nan zuwa gindin dogon yaro.

Na ce, Labbo, ba ka haƙa ba, ba ka ɗora ba,
ba gadonka ba ne, ko tsinke ba ka kawar ba.
Bai amsa ba, ya dubi takalminsa.
Ni ma na duba.
Dunduniyar ta zaizaye ta gefe ɗaya
kamar sabulun da ya kwana a ruwa.

“Malam,” ya ce, “wanga shi ne na bakwai da ni kai ka.
Man babur ba rijiya nika ɗibo shi ba.”

Ban musa ba.
Na Gesse ya fi ƙarfin aljihuna.
Na Badariya magada tara ne, ba biyu da ke gaisawa.
Akwai wanda raina ya kwanta da shi a hanyar Kalgo,
shimfiɗe kamar faifai, ga araha.
Labbo ko birki bai taka ba.
“Dawo ka gane shi cikin Agusta,” ya ce,
“amma ka biyo Argungu ka aro jirgi.”

Ƙanena Arzika ya yi mini dariya har da buga cinya.
Shi bai san dillali ba,
hannu da hannu ya saya wurin ɗan mai fili,
ya sayi firji da abin da ya rage.
Yau su uku ne da takarda iri ɗaya,
hatimi ɗaya, sa hannu ɗaya, turke ɗaya.
Duk Talata yana wanke babbar riga ya tafi kotu.
Lauya kuwa bai san wata aba biyar cikin ɗari ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da na yi barci.

Sai ranar wani suna a Rafin Atiku,
tabarma ta haɗa ni da wanda ya sayar mini.
Muna tauna goro ya ce, ai shi ma ya biya tasa biyar,
kuma uku da ɗari takwas ya sallama.
Goron ya tsaya mini a wuya.
Ashe zarto na hau,
yana ci in ya tafi, yana ci in ya dawo.

Na zo gida ina huci, na zayyana wa Hajo.
Tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.
“Ruwa ya taɓa shigo maka?
An taɓa buga maka ƙofa da takarda?”
Na ce ba wannan nake magana ba.
Ta ce, “To wace?”

Har yau ban gama lissafin ba.
In na sa kwanciyar rai a hagu,
na sa kuɗina a dama,
alamar daidai ta ƙi zama a tsakani.

Jiya da la'asar, bayan ruwa ya ɗauke,
ina tsaye a ɗaki na uku, wanda bai kai linta ba,
ƙafata a busasshiyar ƙasa, kaina a fili,
sai ga Labbo ya wuce, wani mai hular sabon fansho a bayansa.
Ya ɗago mini hannu, na ɗaga masa nawa,
yatsu biyar a buɗe.
Ko gaisuwa ce, ko tuni,
ni da na ɗaga ban sani ba.