Ladan Kuturu

Malam Ɗan'asabe ya tare ni a bakin famfo,
ya ce, Uwani, kin ci ladan kuturu,
sai ki wasa aska.
Na ce jarkata ta cika, sai an jima.
Ga amsar yanzu, da yaran suka yi barci.

Su goma sha huɗu ne, nan Gyallesu,
a ɗakin da mai gidana, Allah ya jiƙansa,
yake ajiye kekunan ɗinki.
Shida da rabi Rifkatu ke kawo nata,
ta ruga Kwangila neman motar Shika,
can take goge daɓen asibiti.
Bilhatu, littafi a hammata,
ta kan ƙyaure take miƙo min Nafi'u
kar lacca ta wuce ta a Kongo.
Saude na suyar awara a bakin tasha.
Babu wadda kuɗinta ke kai ta ƙarshen wata.

A da, wata ta biya rabi, wata ta kawo mudun gero,
wata ta kawo haƙuri, kanta a sunkuye.
Haƙuri kuwa ba ya dama koko.
Sukari ya hau, gawayi ya bi shi,
Lantana mai taya ni ta ce ita ma uwa ce, ta tafi.
Bara da damina na sa wa ƙofar kwaɗo.
Sati biyar.

A na uku Saude ta sauke Rumasa'u kusa da kasko,
ta juya ba da canji.
Ba zan ƙarasa ba.
Tabon na nan a damtsen hagu,
ni ke shafa masa man kaɗanya bayan wanka,
tana ta dariya. Ita ta manta.

Shi ya sa da aka ce ana rubuta masu reno
na yafa gyale, na bi layi a sakatariya kwana uku.
Suka ce hoto, na kawo.
Suka ce asusun banki, ɗan ƙanwata ya buɗe min.
Na rubuta sunana da boko, hannu na rawa,
harafin farko ya fito kamar ƙoƙon dama fura.

Askin ma na yi, Malam, ba na musu.
Wata jami'a mai takalmi ƙwas-ƙwas ta zo,
ta auna taga, ta leƙa masai, ta ɗaga murfin randa,
ta ce a sa raga, a rataye tukunyar kashe gobara,
a riƙa kiran suna kamar makaranta.
Ranar ko tuwo ban ci ba don haushi.
Sauron dai ya ragu.

Kuɗin kuwa tafiyar hawainiya suke.
Na Maris sai Yuni ya iso,
mai shago ya gaji da rubuta sunana.
Amma ranar da wayar ta yi ƙara
Lantana kan karɓi nata, ta dawo tun kaka,
a sayo ƙwai kiret biyu,
Rifkatu kuma ta koma gaishe ni tana kallon idona.

Ban ce ina son gwamnati ba.
Da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Kuma ai kuɗin tikitin da ake yankar wa Saude ne
kowace safiya a tasha,
suka zagaya, suka dawo koko a bakin 'yarta.

In sun janye gobe fa?
Ban sani ba.
Kwaɗon na cikin kwalla ƙarƙashin gado,
ban yar ba, ba na kuma son ganinsa.

Hadari ya haɗo ta wajen Kufena,
shanya na waje, ƙananan wanduna goma sha ɗaya,
ga Nafi'u ya motsa, yanzu zai ta da sauran.
Ragowar, Malam, sai mun haɗu a famfo.