Darasin Daren Laraba

Ajin manya ne, bayan magariba, a Tudun Wada.
An ɗauke wuta tun la'asar,
fitilar caji ɗaya muka jingina da kwalin alli.
Ɗalibaina goma sha ɗaya:
teloli, mai gyaran rediyo, direban motar Samaru,
sai Lantana mai waina ta bakin Kongo,
wadda ba ta taɓa zama a bencin gaba ba.

Na rubuta a allo: can, may, must, will.
Na ce, waɗannan su ne dattawan jimla.
Ba sa taɓa aiki da hannunsu,
sai dai su tsaya gaban aikatau su yanke masa hukunci:
iyawa ce, ko wataƙila, ko tilas, ko alkawari.
Shi kuwa aikatau in ya biyo bayansu
tuɓe hula yake da takalmi,
har 'yar s ɗin nan da yake saƙalawa a wutsiya
a bakin zaure yake barin ta.

Mu a Hausa wakilin suna ɗan dako ne:
zan, za ki, sukan, mun, tana,
shi ke ɗauke da lokaci a ka kamar tiren talla.
Nasu kuwa hannu rabbana yake tafe.
You ɗaya tak aka ɗinka
wa kai, da ke, da ku,
kamar rigar Sallah a gidan marowaci.

Mantau mai rediyo ya ɗaga hannu:
Malam, wane irin yare ne wannan
da za a dubi mace a ce mata shi?
Aji ya kwashe da dariya, har da ni.

Ban da Lantana.
Ta kwance bakin zane, ta ciro takarda ninki huɗu,
man gyaɗa ya ci gefenta.
Ta ce, likitan Shika ne ya faɗa wa abokin aikinsa
a kan gadon maigidana, da Turanci, don kada in ji.
Na roƙi wata nas ta rubuta mini.

He may walk again.

Malam, wannan ta biyun,
dangin za ce, ko dangin wataƙila?

Shekara ashirin da uku ina shaƙar alli,
ban taɓa jin harufa uku sun yi nauyin buhun masara ba.
Na tuna an ce wataƙila ta hana Bature ƙarya,
na haɗiye karin maganar.
Na ce, ƙofa ce, Lantana.
Ba a buɗe ta ba, ba a kuma sa mata kwaɗo ba,
an dai sakaya ta.

Ta ninke takardar a hankali.
Ta ce, to, ai ƙofar da aka sakaya
ko iska tana iya tura ta.

Laraba bakwai bencinta babu kowa.
Muka wuce should, muka wuce would,
Mantau ya koyi roƙon bashi cikin ladabi,
Kubanni ta cika ta koma.
Na bi ta Kongo sau biyu, tandar a kife.

Daren jiya sai ga ta, da laima mai karyayyen haƙarƙari,
ta ajiye littafi a teburina ba sallama mai tsawo.
Aikin gida: jimla ɗaya da can.
Layi guda, biro ya kusa huda takarda:

She can stand.

Na san wa take nufi.
Shi take nufi, shi ɗin nata,
wanda ya dafa bango shekaranjiya ya miƙe
har ya nemi a ba shi buta.

Jan birona yana hannu, a buɗe.
Ƙa'ida ta ce in soke harafi ɗaya.
Na dubi s ɗin nan, tana tsaye a kan layi,
a karkace, amma a tsaye.

Na mayar wa biron murfinsa.
Gobe ma rana ce.