Gurbin Sunan Miji

Fom ɗin ya ce: sunan miji.
A ƙasa ya ce: sunan matar da za a kawo.
Na juya bayansa, ko akwai gurbi
na macen da ta zo neman a kawo mata mijinta.
Babu. Fari fat, kamar tsakar ranar bazara a Mabera.

Arzika, jami'in da ke bakin taga,
ya sauke tabarau ya dube ni:
"Hajiya, mi kinka ce? Ke ka kawo shi?"
Na ce, ni ce.
Ya yi dariya, ba ta mugunta ba,
irin ta wanda aka ce wa raƙumi ya hau mai shi.
Ya soke "miji" da jan biro,
ya rubuta Luba a samansa.

Mu'utasim sunansa. A Umdurman muka haɗu,
ina karatun haɗa magunguna,
yana gyaran na'urorin asibiti.
Baffana ya je da ƙafarsa aka ɗaura,
da shaidu, da dabino, da shayi mai kirfa.
Sai bindiga ta karɓe zancen.
Motar da ta kwashe ɗalibai ba ta ɗaukar surukai.
Ni na ga Sakkwato, shi ya ga Alƙahira:
ɗaki guda, mutum shida, fanka ɗaya.

Yanzu aurenmu yana kwana a jakar leda mai zif.
Takardar aure da Larabci,
fassararta da Turanci,
hatimin da ya shaidi fassarar,
da wani hatimin da zai shaidi hatimin,
wanda sai a Abuja ake buga shi,
ranar da mai bugawa bai tafi ta'aziyya ba.

Suka ce shaidar albashi. Na kawo.
Shaidar muhalli: na miƙa takardar wutar gidanmu na Runjin Sambo,
wutar da rabonmu da ita tun azumi.
Suka ce hotonsa ya haura wata shida, ya mutu.
Ya aiko sabo.
Na jera su biyun a kan tabarma:
rigar dai ita ce,
wuyan ne ya yi mata kaɗan.

"Sai kuma hujjar cewa auren na gaske ne."

Hujja?
Ga ta nan goye a bayana tana tsotsar yatsa,
Rumaisa, mai goshin ubanta,
wadda da waya ta yi ƙara
sai ta rarrafa tana kiran Baba.
Ba a manna ta a fayil.
Ba a manna daren da ya kwana yana murɗa harshe
don ya iya gaida Inna da "kun tashi lahiya".

Ran Lahadi na raka ƙanena kasuwar Illela.
Na ga raƙuma suna tsallako iyaka da kanwa,
ba wanda ya ce su buɗe jaka.
Da muka dawo, shamuwa ta sauka kan tsamiyar maƙwabta,
ba biza, ba layi, ba "dawo ran Talata".

Inna ta ce, "Mai haƙuri shi ka dahwa dutse."
Na ce, Inna, dutsen ya nuna tuni,
sun ce romon ne ya haura wata shida.

Yau Arzika ya ce fayil ya hau sama.
Ban tambayi wace sama ba.
Ya rage murya: "Ɗiyata ma tana aure a Yamai.
Allah shi kawo shi."
Wannan kaɗai na samu a ofishin nan
da ba a nemi kwafi uku nasa ba.

Na biya ta Tsohuwar Kasuwa wajen dukawa,
na sayi takalmin fata, jar akuya, lamba arba'in da uku.
Na ajiye shi a ƙofar ɗaki,
bakinsa yana kallon ciki,
kamar mai shi ya riga ya shiga.
Rumaisa ta zura hannuwanta biyu a ciki,
tana yawo da shi a tsakar gida.