Mai Gyaran Rediyo

Ni ne mai gyaran rediyo a Runjin Sambo.
Shekara sha tara ina ta da muryoyin da suka mutu
da ɗan ƙarfe mai zafi da dalma.
Kowa ya kawo akwatinsa shiru
ya koma gida da shi yana magana.

Sai ga Kulu.
Wata bakwai da haihuwa, faranti ya suɓuce wa uwarta
ya faɗi bisa siminti, kaji suka watse,
akuyar maƙwabta ta zabura,
Kulu na kallon yatsan ƙafarta tana dariya.

Daren nan ban runtsa ba.
Na tafa bayan kunnenta, na ƙara tafawa,
har uwarta ta ce, Malam, bari haka nan.

A asibiti suka sa mata wayoyi a kai,
irin waɗanda na sani.
Na ce a nuna mini inda ya tsinke in liƙe.
Likita ya ce, ba lalacewa ta yi ba,
tashar da take kamawa ce daban.
Kada ku jira ta yi wayo. Ku fara yau.

Aka haɗa mu da Malama Tumba, kurma ce ita ma,
ran Talata take zuwa bisa kabu-kabu.
Ba ta fara da Kulu ba, da ni ta fara.
Ta kama yatsuna masu tabon ƙuna
tana lanƙwasa su kamar waya:
ga ruwa, ga nono, ga zo, ga a'a.
In durƙusa har ido ya sami ido,
in bar haske bisa fuskata,
kar in yi zance na ba ta baya.

Gidan duka muka koma 'yan aji ɗaya.
Kaka ta ce ta tsufa da wasan yatsu,
sai na iske ta bayan ɗaki tana bita ita kaɗai.

Wata huɗu hannun Kulu na gwaranci.
Ran wata Laraba, zafin Sakkwato ya kai inda yake kaiwa,
an ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
ta ja mini riga, ta dube ni,
ta kai hannu baki, ta nuna randa.

Ruwa.

Na gyara rediyo ya fi dubu,
ban taɓa jin murya ta fito tas irin wannan ba.
Na ɗebo a moɗa, hannuna na rawa, rabi ya zube.
Ta sha, ta miƙo mini,
ta sake faɗa.