Kuɗin Haya

A gonar Nomau, gabas da Wurno,
inda jigawa ke gangarawa neman ruwan Rima,
na tuge wake guda da la'asar ɗin Laraba,
na karkaɗe yashin da ke saiwarsa.

Ga su nan, ƙulli bisa ƙulli,
wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun kai masoro.
Nomau ya jingina da galma, ya kau da kai.
Ya ce, "Ɗiyata, cuta ce.
Shekara nawa ina ganin ta, ban hwaɗa ma kowa ba."

Na sa farce na tsaga ɗaya.
Ciki ja-ja, kamar dasashin jariri.

Na ce, Baba, mai ciwo ba ya wannan launi.
Baƙi ne, ido ba ya kama su,
dubu bisa dubu a ɗaki ɗaya.
Ta gashin saiwa suka yi sallama,
wake ya gina musu wurin kwana,
yana aika musu zaƙin da ganye ya dafa a rana.
Su kuwa iska suke kamawa,
wannan dai da ke shiga hancinka ta fita ba ka ce mata sannu ba,
su tatse abin da ke cikinta,
naitirojin muke ce masa a makaranta,
su miƙa wa mai gida kuɗin haya.
Shi kake bi har kasuwar Acida cikin buhu,
kana sayar da tunkiya kafin ka ɗauka.

Ya yi shiru har tsuntsaye suka sauka a kan gawo.
Sannan ya ce, "Tsohona yakan ce wake bai cin bashin ƙasa.
Na ɗauka magana ce kawai ta tsofaffi."

Na tsaga na biyu. Fari fat, babu aiki.
Na uku ma haka.
Yashin nan da tsakar rana ya kan gasa tafin ƙafa,
ruwa ya ratsa shi kamar rariya.
Wane baƙo zai zauna inda babu tabarma?

Sai muka haƙa rami bayan danga.
Kashin awaki, tokar murhu,
ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, busasshen lawashi daga fadama,
duk abin da tsintsiyar Marka ke kora waje.
Ita ke yayyafa ruwa duk kwana uku,
tana mitar an mayar da ita mai yi wa juji wanka.
Mako biyu, Nomau ya cusa hannu, ya fizge:
zafi kamar cikin malmalar tuwo.
Muka juya. Muka sake juyawa.
Wata uku ya yi baƙi, ya yi laushi,
yana ƙanshin ruwan farko tun ba a ga hadari ba.

Ranar shuka na zo da baƙar hoda a ƙunshi,
muka jiƙa ƙaro, muka cuɗa da iri,
muka shanya a inuwar rumbu,
don rana ba ta san su baƙi ba ne.

Ba zan ce an yi abin mamaki ba.
Kusurwar kudu ruwa ya kwanta, ta ruɓe.
Tsutsa ta ci rabonta a fure.
Amma sauran kunyoyin sun yi kore shar har kaka,
kuma da aka zo yankan harawa
ya hana yara tugewa.
Lauje ya ba su. Ya ce a bar saiwa a ƙasa,
geron baɗi yana da gado a ciki.

Yanzu a aljihun taguwarsa,
tare da goro da carbi,
akwai wata saiwa da yake fitarwa a bakin masallaci.
Na ji shi jiya yana tsaga ƙulli da farce,
yana ce wa Jatau, "Matso ka gani.
Ja ne? To, sun biya."