Mariƙi Babu Tukunya

Ƙarfe huɗun yamma a Tartu, duhu ya riga ya sauka,
ƙanƙara ta rufe bakin kogi.
Shayin Maarika ya huce tun tsakar rana.

Rumbu biyu ne cikin na'urar.
Na hagu yana da mai shara,
yakan zagayo ya kwashe abin da ba mai tambayarsa.
Na dama ba shi da kowa,
abin da ka ajiye, kai za ka ɗauke.
Tsakaninsu sai mariƙi, 'yar lamba kawai
mai cewa: kayanka na tsallake.

Jiya mai shara ya yi gaggawa.
Aka ja mariƙi, babu tukunya,
manhaja ta faɗi gaban baƙi daga Riga.
Yau kuwa wannan ya riƙe wancan, wancan ya riƙe wannan,
kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara saki,
ma'adana na cika kamar randa ƙarƙashin indararo.

A layi na dubu uku da sha bakwai
ta iske rubutun Indrek, wanda ya bar aikin tuntuni:
"Kar a taɓa nan. Na manta dalili."

Ta yi dariya ita kaɗai.
Ta sassauta igiya ɗaya,
ta koya wa mafassarin umarni ya riƙa lura
wa ya ara, wa ya mallaka,
yaushe aro ke ƙarewa.

Ƙidaya ta fara sauka.
Dubu tara. Ɗari huɗu. Biyu.
Biyun nan suka kafe.

Ta sa rigar sanyi, ta duba lokacin bas,
ta tuɓe rigar, ta jawo kujera.