Inda Gara Ta Ci

Cima ta kawo su cikin gwangwanin biskit,
ɗaure da zaren buhu:
wasiƙu talatin da ɗaya
tsakanin kakanta Tanimun na Bagalam
da Jariri, maɗinkin hula a Tasawa.
Baiti ya tafi, baiti ya dawo
a aljihun yaron motar gyaɗa.
Ta ce, ka mai da su littafi,
amma kar ka yi musu wanka.

Na kunna na'ura a shagona na Ali Ɗan Sofo,
janareton maƙwabci yana tari.
Na juye ajami zuwa boko,
sai harafin da na zaɓa ya ƙi ƙugiya:
inda tsoho ya ce ƙauna
allo ya ba ni auna.
Kwana biyu ina lanƙwasa kan ƙ da hannuna
kamar maƙeri da lauje.

Tanimun mafaɗaci ne, alƙalaminsa kartar takarda yake.
Na ba shi baƙaƙe masu kauri, kafaɗa da kafaɗa,
kamar buhuna a sito.
Jariri kuwa siririn zare,
na bar layinsa ya karkace, ya gangara gefe
yadda Gulbi ke yi in ya ga dama.

Shekarar da suka ɓata kan rancen jikka biyu
na raba su, wannan dama, wancan can ƙuryar hagu,
fari fetal a tsakani.
Kalmar haƙuri, da ta iso bayan damina uku,
na ƙanƙanta ta har sai mai karatu ya sunkuya.
Ai haka ake faɗinta.

A ta ashirin da bakwai Jariri ya ce,
"In na riga ka, to ka..."
Sauran yana cikin gara.
Cima ta ce in cike, ai na san bakinsa yanzu.
Na gwada kalma tara, na goge tara.
Na zana ramin yadda yake, gefensa a gutsure.

Ta talatin da ɗaya ba ta sami amsa ba.
Shafin da ke kallonta na bar shi wayam,
lamba kawai a ƙasa.
Mai injin bugu ya kira ni: an manta shafi,
takarda fa daga Kano take zuwa, da tsada.
Na ce, buga haka.

Cima ta zo da la'asar, ta buɗe daidai nan,
ta shafa farin da tafin hannu.
Ta daɗe. Shayinta ya huce.
Sannan ta tambaye ni ko ina da biro.